Tarihin Honen, Malamin Japan Da Ya Sauko Daga Dutse Domin Talakawa

A cikin manyan mutanen da ƙasar Japan ta haifa akwai wani malami mai suna Honen, wanda ya rayu daga shekarar 1133 zuwa 1212. Bai taɓa riƙe sarauta ba, bai ja runduna zuwa fagen fama ba, bai kuwa tara dukiya ba, amma ga shi yau, shekara 800 da 'yan kai bayan rasuwarsa, gidajen ibada wajen 7,000 a ƙasar suna bin tafarkin da ya kafa. Abin da ya jawo masa wannan suna, shi ne kuma ya jawo masa kora daga birnin sarauta yana tsoho tukuf. Tambaya ɗaya ce ta hana shi barci tun yana saurayi: mutumin da ba shi da ilmi, ba shi da sukunin shiga halwa, zuciyarsa kuma ba ta zama wuri ɗaya, shin yana da rabo a cikin addini, ko kuwa tsira ta malamai ce da mawadata kaɗai? Amsar da ya bayar ta girgiza ƙasar Japan duka. Amma kafin mu shiga labarinsa, ya kamata mu yi wa masu karatu ɗan bayanin addinin da ya tashi a cikinsa.

ADDININ BUDA DA HANYOYINSA BIYU

Wanda a ke kira Buda wani ɗan sarauta ne mai suna Gotama, da ya rayu a arewacin ƙasar Hindu kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Buda laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka. Ya koya wa mabiyansa cewa duniya gidan wahala ce, tushen wahalar kuwa kwaɗayi da jahilci, kuma bisa ga imaninsu ɗan Adam ba ya rabuwa da maimaita haihuwa da mutuwa sai ya tumɓuke waɗannan daga zuciyarsa. Hanyar da ya nuna musu turaku uku gare ta: kiyaye dokokin ɗa'a, tattara hankali wuri ɗaya har zuciya ta natsu, sa'an nan hikima. Addinin ya ƙetara zuwa ƙasar Sin, daga Sin ya shiga Koriya, daga Koriya ya sauka Japan a cikin ƙarni na 6.

Reshen da ya isa Japan ya yarda da cewa akwai Buda da yawa bayan Gotama. Ɗaya daga cikinsu shi ne Amida, watau mai haske marar iyaka. Littattafansu sun ce Amida ya ɗauki alkawari 48, na 18 a ciki kuwa shi ne duk wanda ya tuna da shi da zuciya ɗaya za a haife shi bayan mutuwa a wata ƙasa can yamma, wadda su ke kira Tsarkakakkiyar Ƙasa, inda babu abin da zai hana mutum kai wa ga farkawa. Wannan tunawa ita ce Japanawa ke kira nembutsu.

To, a nan fa gardamar ta ke, domin tunawa iri biyu ce. Akwai ta zuci, akwai ta baki. Ta zuci ita ce mutum ya zauna shiru, ya tsare hankalinsa a kan abu guda har ya gan shi da idon zuciya kamar yana gabansa. Wani littafinsu ya jera matakai 16 na wannan aiki: a fara da kallon rana tana faɗuwa har siffarta ta zauna a zuci ko ido na rufe, sa'an nan ruwa, sa'an nan ƙasa, da itatuwa, har a kai ga siffar Amida kansa. Akwai ma wata ibada mai tsanani da a ke yi ta kwana 90, mutum yana kewaya siffar Amida dare da rana ba zama ba kwanciya, bakinsa na ambato, zuciyarsa na kallo. Ta baki kuwa ita ce faɗin kalmomin nan uku, Namu Amida Butsu, ma'anarsu na dogara ga Amida Buda. Manyan malaman wancan zamani sun ɗauki ta zuci ita ce ainihin ibada, ta baki kuwa sandar dogarawa ce kurum ga wanda ya gaza.

HAIHUWARSA DA MARAICINSA

An haifi Honen a lardin Mimasaka, wanda yanzu ya ke cikin yankin Okayama a yammacin Japan. Shekarar haihuwarsa ta faɗo a ƙarshen zamanin Sarki Gijimasu, wanda Tarihin Kano ya ce shi ya soma ginin ganuwar birni. Sunansa na yarinta Seishimaru. Ubansa, Uruma no Tokikuni, shi ne mai kula da tsaron yankin, kuma akwai jiƙaƙƙa tsakaninsa da wani wakili mai lura da gandun manya a wurin. A shekarar 1141 wakilin nan ya kawo masa hari da dare, aka ji masa raunin da ya zama ajalinsa. Yaro a lokacin bai cika shekara 10 ba.

A al'adar mayaƙan Japan, ɗa ba ya da wani aiki bayan irin wannan sai ɗaukar fansa. Amma masu tarihin Honen sun ce uban, yana kan gargarar mutuwa, ya hana ɗansa ramuwa, ya nuna masa cewa in ya kashe, 'ya'yan wanda ya kashe su ma za su nemi jininsa, abin kuwa ba zai ƙare ba. Ya umurce shi ya bar duniya ya nemi hanyar tsira, tasa da ta uban. Sai aka kai yaro wurin kawunsa Kangaku, wani malami mai zuhudu. Kawun bai daɗe ba ya gane cewa kan yaron ya fi ƙarfin makarantar ƙauye, ya aika da shi Dutsen Hiye tun bai wuce shekara 15 ba.

A KAN DUTSEN HIYE

Dutsen Hiye yana arewa maso gabas da Kiyoto, birnin da ya ke shi ne mazaunin sarautar Japan tun daga 794. A kansa akwai babbar makarantar ɗarikar Tendai, wadda wani malami mai suna Saico ya kafa. Duk mai son zurfin ilmi can ya ke nufa. Amma a zamanin Honen wurin ya riga ya gurɓata. Manyan muƙamai na 'ya'yan sarakai ne, gidajen ibada sun mallaki gandaye masu yawa, har suna da mayaƙa nasu na kansu, waɗanda kan sauko birni su tsorata fada in ba a yi musu abin da su ke so ba. Mata kuwa ba a yarda su taka dutsen ba sam, hanin da bai kau ba sai a 1872.

Honen ya ɗauki alkawarin zuhudu a 1147, watau ya aske kai, ya haramta wa kansa aure da giya da nama. Bayan shekara uku, a 1150, ya guje wa neman muƙami ya koma wani kwari mai suna Kurodani a gefen dutsen, wurin wani malami Eiku. A nan aka raɗa masa suna Honen-bo Genku. Ya yi shekara 25 a wannan kwari yana karatu. Masu tarihinsa sun ce ya sauke dukan littattafan addinin, waɗanda suka haura juzu'i 5,000, har sau biyar. A 1156 ya sauko ya zaga wurin malaman birnin Nara da na Kiyoto, kowa ya zauna da shi sai ya yaba masa, har aka riƙa kiransa mafi hikimar mutanen dutsen.

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Ya auna kansa da turakun nan uku, ya ga a nasa ganin ko ɗaya bai riƙe ba. Ya kamanta zuciyarsa da biri mai tsalle daga reshe zuwa reshe. In kuwa shi da ya ba da ransa duka ga wannan aiki bai iya tsare hankalinsa ba, ina ga mai noma da mai su da mace mai goyo? Manomi a Zurmi da damina, ko falke a kasuwar Shinkafi ranar da ta cika, ya san abin da a ke nufi da rashin sukuni, talakan Japan na wancan zamani ma haka ya ke. Wa zai ba shi kwana 90 ya bar gona ya shiga halwa?

ZAMANIN TASHIN HANKALI

Abin da ya ƙara wa tambayar nauyi shi ne halin da ƙasa ta shiga. Malaman Japan sun yi lissafi cewa tun 1052 duniya ta shiga zamanin ƙarshe, wanda su ke kira mappo, lokacin da koyarwa za ta saura a takarda amma babu mai iya aiki da ita. Abubuwan da suka biyo baya kuwa sai suka zama kamar shaida. A 1156 aka gwabza faɗa a cikin Kiyoto kan gadon sarauta. A 1177 gobara ta cinye babban sashe na birnin. Daga 1180 zuwa 1185 gidaje biyu na mayaƙa, Taira da Minamoto, suka yi yaƙin basasa, wanda a cikinsa aka ƙone babban gidan ibada na Todaiji a Nara. Ana wata ga wata, sai ga yunwa a 1181 da 1182. Wani marubuci na zamanin, Kamo no Comei, ya ba da labarin cewa an ƙidaya gawa fiye da 42,000 cikin wata biyu a wani sashe na birnin kaɗai. Bayan yaƙin mulki ya kuɓuce daga hannun fadawa ya koma hannun mayaƙa a garin Kamakura. Mutane suna mutuwa kamar fari, suna kuwa mutuwa da tsoron abin da za su tarar.

SHEKARAR 1175

A 1175, yana da shekara 43 bisa ƙidayar Japanawa, Honen yana karanta sharhin wani malamin ƙasar Sin mai suna Shandawo, wanda ya rayu daga 613 zuwa 681, sai ya tsaya a kan wani wuri da ya sha wucewa. Abin da ya fahimta a wurin shi ne, ambaton sunan Amida da baki, a tsaye ko a zaune, a tafe ko a kwance, ba tare da yankewa ba, shi ne aikin da ya isa, domin shi ne wanda Amida ya zaɓa a cikin alkawarinsa. In haka ne, ƙarfin aikin yana ga alkawarin, ba ya rataye ga gwanintar mai yi. Mabiyansa har gobe daga wannan shekara su ke ƙirga kafuwar ɗarikarsu ta Jodo, shi ya sa suka yi bikin cikarta shekara 850 a 2024.

Ambaton suna da baki ba Honen ya ƙaga shi ba. Tun a ƙarni na 10 wani mai zuhudu, Kuya, ya kan yi shi a kasuwannin Kiyoto, kuma malamin Dutsen Hiye Genshin ya yi dogon bayani a kansa a 985. Sabon abin da Honen ya kawo shi ne juya jeri. Abin da a ke ganin na baya ne ya maido shi gaba, ya ce shi kaɗai ya wadatar, sauran ibadu kuwa, har da zaman tattara hankali, a ajiye su gefe, domin mutanen wannan zamani ba su iya ɗaukarsu.

Hujjarsa mai sauƙi ce, kowa na iya bin ta. In da sharaɗin tsira shi ne gina ɗakunan ibada, da matalauta sun fid da rai, alhali su ne mafi yawa. In da sharaɗin ilmi ne, da jahilai sun fid da rai, su ma sun fi malamai yawa. In da kiyaye dokoki ne ba kuskure, da kusan kowa ya faɗi. Tun da alkawarin na kowa da kowa ne, lalle aikin da aka zaɓa ya zama wanda kowa ke iyawa, babu kuwa wanda ba shi da harshe.

Sai ya sauka daga dutse, ya zauna a wani wuri mai suna Yoshimizu a gabashin Kiyoto, ƙofarsa a buɗe. A 1186 manyan malamai na ɗariku dabam dabam suka gayyace shi ƙauyen Ohara, aka yini aka kwana ana yi masa tambayoyi, daga nan sunansa ya bazu. Mutane iri iri suka yi ta zuwa. Akwai Kujo Kanezane, wanda ya riƙe muƙamin da ya fi kowane girma a fada bayan Sarki. Akwai Kumagai Nawozane, wani barde da ya kashe wani saurayi ɗan gidan Taira a yaƙin 1184, abin ya tsaya masa a rai, ya zo yana zaton za a ce ya yanke hannu ko ƙafa kafin a karɓe shi, da ya ji ambato kaɗai a ke nema gare shi sai ya fashe da kuka. Akwai mata, waɗanda dutse ya rufe wa ƙofa. A 1201 kuma wani matashi Shinran, wanda shi ma ya yi shekara 20 a Dutsen Hiye bai sami natsuwa ba, ya zo ya zama almajirinsa.

BAKI DA ZUCIYA

Kada mai karatu ya zaci Honen malalaci ne mai neman sauƙi wa kansa. Har ya mutu bai yi aure ba, bai karya dokokin zuhudu ba, sarakai ma shi su ke kira ya ɗora musu alkawarin kiyaye dokokin. An ce ya kan yi ambato sau 60,000 a yini, yana ƙirgawa da carbi, daga baya ya kai 70,000. In a ce kowane ambato sakan guda ya ke ci, 60,000 ta cinye sa'a 16 da minti 40 ke nan.

Wani malami mai suna Miyohen ya taɓa zuwa ya tambaye shi yadda mutum zai yi in yana ambato hankalinsa na yawo. Honen ya amsa masa da cewa shi kansa bai fi ƙarfin wannan ba, yawon hankali kuwa halitta ce ga ɗan Adam kamar ido da hanci, don haka mutum ya yi ambatonsa da zuciyar da ya ke da ita, kada ya tsaya jiran wadda ba shi da ita. Haka kuma ya kan shawarci mutane su tsara zamansu yadda ambato zai yiwu, wanda zaman gwauro ke hana shi ya yi aure, wanda zaman gida ke hana shi ya yi tafiya.

Abin mamaki kuwa, akwai wata takarda da a ke jingina masa, wadda almajiransa suka adana, mai nuna cewa tun daga farkon 1198, yana cikin yawan ambato, hankalinsa ya kan tattaru har ya ga abubuwan nan da masu halwa ke wahalar nema: ruwan, da ƙasar, da itatuwan. Watau natsuwar da ya daina bi ita ta biyo shi. Amma bai hau mumbari da wannan ba, bai kuwa mai da shi sharaɗi ga kowa ba, domin ya san ranar da ya yi haka ya sake rufe ƙofar da ya buɗe. A wannan shekara ta 1198 ne ya shirya babban littafinsa, Sencakushu, bisa roƙon Kanezane, ya kuma yi wasiyya kada a bar shi ya yaɗu, don ya san irin ƙurar da zai tayar.

ƘARA DA HUKUNCI

Ƙurar kuwa ta tashi ko ba littafi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Waɗansu almajiransa suka ɗauki maganar a karkace, suna cewa tun da ambato ya isa, to, a sha giya a yi abin da aka ga dama, suna kuma zagin sauran ɗariku. A 1204 malaman Dutsen Hiye suka nemi a hana tafarkin. Honen ya rubuta alkawari mai sharaɗi bakwai, wanda ya hana almajirai aibata sauran hanyoyi, da jayayya da malamai, da kwaɗaita wa mutane saɓo, da jingina wa malaminsu abin da bai faɗa ba. Almajirai wajen 190 suka sa hannu.

Wannan bai kashe wutar ba. A 1205 babban gidan ibada na Kofukuji a Nara ya kai ƙara fada, wani malami mai tsantseni, Jokei, ya jera laifi tara. A ciki akwai kafa ɗarika ba da iznin Sarki ba, da raina sauran ayyukan alheri, da juya wa allolin gargajiyar ƙasa baya, da ɗaukar mafi ƙanƙantar nau'in tunawa a watsar da mafi girma. Gaskiya ne akwai tsoron rasa mabiya da gandaye a cikin wannan ƙara, amma ba shi ke nan ba. Mutane irin su Jokei sun ji tsoro da gaske cewa in aka cire horon zuciya, abin da zai saura motsin leɓe ne kurum.

Fada ta yi ta jan ƙafa, sai wani abu ya auku. A ƙarshen 1206 Go-Toba, Sarki murabus wanda har lokacin shi ke juya fada, ya tafi ziyara Kumano. A bayansa waɗansu mata biyu na gidansa suka halarci taron ambato na almajiran Honen biyu, Juren da Anraku, waɗanda suka shahara da daɗin murya, suka aske kai suka shiga zuhudu ba da izninsa ba. Da ya komo, magabta suka kai masa maganar da ƙari. A farkon 1207 aka hana tafarkin, aka kashe almajirai huɗu, har da Juren da Anraku. Honen, yana da shekara 75 bisa ƙidayar Japanawa, aka tuɓe masa rigar zuhudu, aka laƙaba masa sunan mutanen gari, Fujii Motohiko, aka yanke masa kora zuwa Tosa a tsibirin Shikoku. Shinran kuwa aka tura shi Ecigo, can bakin tekun arewa, shi da malaminsa ba su sake ganin juna ba. Kanezane ya yi iyakar ƙoƙarinsa har aka bar tsohon ya tsaya a Sanuki, wadda ta fi kusa, shi kuma ya rasu bayan 'yan makonni.

KORA DA KOMOWA

Masu tarihinsa sun ce Honen bai ɗauki korar da baƙin ciki ba, ya ga dama ce ta isa ga mutanen karkara da ya daɗe yana son kai wa. A hanya, a Takasago, wani tsohon masunci da matarsa suka zo masa da tsoro, domin an gaya musu mai kashe kifi makomarsa wuta. A tashar jiragen ruwa ta Muro wata karuwa ta biyo jirginsa da ƙaramin kwalekwale tana tambayar ko irinta na da rabo. Ya shawarce ta ta bar sana'ar in tana da wata hanyar ci, in kuwa babu, kada ta fid da rai, ta yi ambato a halin da ta ke. Masunci ma haka ya kwantar masa da hankali.

A ƙarshen 1207 aka sassauta hukuncin, amma ba a bar shi ya shiga birni ba. Ya yi shekara huɗu cikin ɗaurin talala a gidan ibada na Katsuoji, kusa da inda Osaka ta ke a yau. Sai a ƙarshen 1211 ya komo Kiyoto, jiki ya riga ya gaji. Kwana biyu kafin rasuwarsa almajirinsa Genci ya roƙe shi ya bar musu wani abu a rubuce, ya rubuta takarda fallen guda. A cikinta ya bayyana cewa tafarkinsa dabam ya ke da kallon zuci na manyan malamai, dabam kuma da ambaton da sai an yi karatu an gane ma'anarsa, ya kuma gargaɗi masu ilmi su ɗauki kansu daidai da wanda bai san ko harafi ɗaya ba. Ya rasu ran 25 ga watan farko na shekararsu, 1212, yana da shekara 80 bisa ƙidayarsu.

BAYAN RASUWARSA

Mutuwa ba ta raba gardamar ba. A shekarar da ya rasu aka buga littafinsa, wani malami mai zuhudu na ƙwarai, Miyo'e, wanda dā ya ke girmama shi, ya karanta ya rubuta raddi mai zafi, yana zarginsa da zubar da niyyar neman farkawa, wadda ita ce tushen addinin. A 1227 mayaƙan Dutsen Hiye suka sauko suka rushe ginin kabarinsa, aka kuma ƙone allunan da a ke buga littafin da su. Almajirai suka sace gawar da dare, suka ƙone ta a shekara mai zuwa bisa al'adarsu, a wani wuri yamma da birnin.

Amma hassada ga mai rabo taki ce. A 1234 Genci ya sake gina wurin da malaminsa ya rasu, shi ne Ciyon-in, hedkwatar ɗarikar Jodo har yau. Gidan Tokugawa, waɗanda suka riƙe mulkin Japan daga 1603, mabiyan tafarkin ne, su suka faɗaɗa ginin. Akwai wata ƙararrawa a wurin da aka zuba a 1636, nauyinta wajen tan 70, mutum 17 ke haɗuwa su buga ta daren sabuwar shekara. A 1697 fadar da ta kore shi ta ba shi laƙabin girmamawa na Enko Daishi. Reshen da Shinran ya kafa kuwa, Jodo Shinshu, yana cikin ɗarikun da suka fi yawan mabiya a ƙasar.

A ƙasar Sin, inda maganar ta samo asali, malamai da yawa ba su raba hanyoyin biyu ba. Irin su Juhong, wanda ya rasu a 1615, sun koyar da cewa maimaita sunan shi kansa igiya ce ta ɗaure hankali, in an daɗe ana yi baki da zuciya su kan zama ɗaya. Abin da ya sami Honen a 1198 ya yi kama da haka, ko da ya ke shi bai yarda a ce don natsuwa a ke ambato ba.

Wanda ya duba tarihin nan zai ga cewa masu sukarsa ba su rasa gaskiya ba, domin sauƙi ya kan zama mafakar malalaci, almajiransa ma sun nuna haka tun yana da rai. Shi kuma abin da ya tsaya a kai shi ne, hanyar da mutum ɗaya cikin dubu ke iya bi ta bar ɗari tara da casa'in da tara a waje, ya kuwa yarda ya rasa rigarsa da sunansa da mazauninsa a kan wannan. An ce da ajali ya matso, wani almajiri ya tambaye shi inda za a gina masa ɗakin tunawa, kamar yadda a ke yi wa manyan malamai. Ya ƙi ya zaɓi wuri, ya nuna musu cewa duk inda a ke ambato nan ne nasa, ko da bukkar masunci ce a bakin teku.